Yadda Ake Tara Tsofaffin Kuɗin Tagulla na Sifaniya, a Kuma Iya Karanta Su

Akwai wani kwabo da nake ajiye da shi cikin 'yar ambulan, wanda da za ka gan shi a ƙasa ba za ka sunkuya ka ɗauka ba. Baƙi ne ƙirin, bakinsa ya tsage ta gefe ɗaya, faɗinsa kamar na tsohuwar kwandalar naira ɗaya amma bai kai ta kauri ba. A garin Segovia aka buga shi a 1604, da darajar marabedi takwas. A fuskarsa akwai hoton gidan sarauta mai hasumiya uku, a bayansa kuma zaki, sai dai dukansu sun kusa ɓacewa, domin bayan bugun farko an sake danna masa hatimi har sau uku: XII a nan, 8 a can, sannan wasu haruffa a cuɗe sun hau kan sauran. Kowane hatimi daga cikinsu rana ce da gwamnati ta wayi gari ta ce wa mai gashin burodi da ɗan ƙwadagon gona kuɗin da ke aljihunsu ya sauya daraja.

Abin da ya ja ni ga tagullar Sifaniya ke nan. Zinariya da azurfar ƙasar sun zaga duniya, amma su kuɗin sarakuna ne da sojoji da manyan attajirai. Tagulla ita ce ta sayen burodi da man zaitun da gawayi. Tana kuma da araha, domin an buga ta da yawan gaske, kuma yawancin irin waɗanda zan ambata Yuro kaɗan ake sayar da su. Wanda ke neman abin da zai saya yau ya sayar da miliyoyi gobe, ba nan ne wurinsa ba. Ribar wannan harka ita ce ka ɗauki baƙin ƙarfe a tafin hannu ka faɗi sarkin da ya buga shi, da garin, da abin da ya faru da shi daga baya.

Mataki na ɗaya: san lissafin kuɗin tukuna

Sunan da za ka fi cin karo da shi shi ne marabedi, wanda suke rubutawa maravedí. Asalin kalmar daga Murabiɗun ne, daular da ta taso daga yammacin Sahara ta tsallaka zuwa Andalus a 1086 ƙarƙashin Yusuf bin Tashfin. Dinarinsu na zinariya, wanda aka buga da zinariyar Afirka ta Yamma da ayari ke kaiwa ta Sijilmasa, ya samu karɓuwa har a wurin Kiristocin arewa. Da ya yi ƙaranci, Sarki Alfonso na Takwas na Kastil ya fara buga nasa a Toledo wajen 1172, da rubutun Larabci. Daga nan sunan ya yi ta gangarowa, daga zinariya zuwa azurfa, daga azurfa zuwa gaurayen ƙarfe, har ya ƙare a kan ƙaramin kwabon tagulla.

Tsarin da mai tarawa ke bukata ya fara ne daga dokar Medina del Campo ta 1497, ta Sarki Fernando da Sarauniya Isabel. Ita ta tsayar da cewa riyal ɗaya na azurfa marabedi 34 ne. Shahararriyar azurfar nan mai riyal takwas kuwa ta zama marabedi 272 ke nan. A ƙasa da riyal akwai sunayen da mutanen kasuwa ke amfani da su, kuma har yau da su masu sayarwa ke tallata kaya:

- blanca, rabin marabedi
- ochavo, marabedi 2
- cuarto, marabedi 4
- cuartillo, marabedi takwas da rabi, wato rubu'in riyal, wanda Felipe na Biyu ya fito da shi a 1566

Yadda muke cewa wane ba shi da ko anini, haka mutumin Sifaniya har gobe yake cewa ba shi da ko blanca.

Sai kalma ɗaya da dole ka riƙe: vellón, wadda ake furtawa kusan beyon. Da farko tana nufin tagulla da aka sa wa 'yar azurfa kaɗan. Daga baya aka zare azurfar aka bar sunan. Tsofaffin da ke da ɗan ɗigon azurfar su ake kira calderilla, kalmar da a yau ke nufin canji a bakinsu. A zamanin gidan sarautar Borbón kuma za ka ga ana maganar riyal na vellón, shi ma marabedi 34 ne amma na lissafi, kuma daga 1737 guda 20 ne ke yin babbar azurfar nan mai riyal takwas. Ka rubuta waɗannan alƙaluma a shafin farko na littafinka, za ka yi ta komawa gare su.

Mataki na biyu: zaɓi fage ɗaya

Daga 1497 zuwa farkon ƙarni na 20 shekara ɗari huɗu ce da ɗoriya, ga gidajen buga kuɗi sama da goma. Mai son ya haɗa duka a tashi ɗaya zai ƙare da tarkace. Shawarata ita ce a fara daga na baya-bayan nan a riƙa komawa can baya, domin su suka fi sauƙin karantawa.

Mafi sauƙi su ne na peseta, kuɗin Sifaniya kafin Yuro. An kafa peseta ranar 19 ga Oktoba 1868, lokacin da Laureano Figuerola ke ministan kuɗi, kuma a 1870 aka fitar da santimo 10, 5, 2 da 1 daga Barcelona. Nauyinsu ya bi darajarsu: giram 10, 5, 2, 1. Zakin da ke jikinsu bai yi wa jama'a kama da zaki ba, sai suka ce kare ne, shi ya sa aka laƙaba wa mai santimo 10 perra gorda, wato ƙatuwar karya, mai 5 kuma perra chica, 'yar ƙarama. Sun daɗe a hannun mutane har farkon shekarun 1940, lokacin da na alminiyon suka maye gurbinsu.

Daga nan sai masu kan sarki na gyaran da Carlos na Uku ya yi a 1772: marabedi 8, 4, 2 da 1. Wannan fagen na fi so ga sabon shiga. Marabedi takwas babba ne, kusan milimita 30, nauyinsa giram 11 zuwa 12, kuma kana iya jera guda ɗaya na kowane mai mulki: Carlos na Uku, Carlos na Huɗu, José Napoleón da Faransawa suka ɗora daga 1808 zuwa 1813, Fernando na Bakwai, da Isabel ta Biyu. Kwabbai biyar sun ba ka tarihin shekara tamanin.

In ido ya buɗe sai a shiga ƙarni na 17, zamanin hatimai, inda daɗin harkar yake.

Akwai rassa ga mai so. Navarra, Kataloniya, Valencia, Aragon da Mallorca kowace ta yi ƙananan kuɗinta da sunayensu, irin su cornado da ardite da dobler. Santo Domingo da Meziko sun buga marabedin tagulla tun shekarun 1540, kodayake 'yan ƙasar Meziko sun ƙi shi, har masu tarihi suka ruwaito cewa sun riƙa zuba shi a tafki. Akwai kuma fulus na Musulmin Andalus, wanda shi fage ne mai zaman kansa.

Mataki na uku: kayan aiki

Ba su da yawa. Sikeli irin na masu sayar da zinariya, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo. Gilashin ƙara girma mai ninki goma. Ma'aunin faɗi da kauri na roba, don na ƙarfe yana karce kwabo. Ɗan maganaɗisu, domin tagulla ba ta kama shi. Fitila ƙarama da za ka iya haskawa daga gefe, saboda rubutun da ya side ba ya fitowa sai haske ya kwanta a kansa. Sai kundin bincike: shafin Numista kyauta ne a intanet kuma ya wadatar a farko, amma masu gwanjon Sifaniya sun fi ambatar lambobin kundin Calicó, don haka ka saba da ganin su.

Mataki na huɗu: tambayoyi huɗu ga kowane kwabo

Riƙe shi ta baki, kada yatsa ya hau fuskarsa, ka ɗora tsumma mai laushi a ƙasa ko da zai suɓuce.

Wane sarki? Rubutun Latin ne, kuma V tana zaman U. PHILIPPVS Felipe ne, CAROLVS ko CAROLUS Carlos, FERDIN. Fernando. Huɗu sau da yawa IIII ake rubuta ta. D.G. na nufin bisa falalar Allah, HISP. REX sarkin Sifaniya. Ka lura da lokacin da rubutun ya bar Latin ya koma Sifaniyanci aka ƙara Y LA CONST., wato da tsarin mulki. Za ka ga haka a wasu kwabban Fernando na Bakwai na zamanin masu sassaucin ra'ayi, tsakanin 1820 da 1823, sannan a na Isabel ta Biyu. Kalmomi ukun nan rikici ne da aka zubar da jini a kansa.

Wane gari? A nan ake neman 'yar alama ƙarama, galibi kusa da gidan sarautar ko gefen kan sarki. Segovia tana sa hoton gadar ruwanta ta zamanin Rumawa, mai kama da 'yan ƙofofi a jere. Burgos B, Toledo T, Sevilla S, Granada G. Cuenca kofi mai ƙafa, A Coruña ɓawon kodin teku, Madrid M ko MD. J kuwa Jubia ce, kusa da Ferrol a Galicia, wadda ta yi aiki daga zamanin yaƙi da Faransawa zuwa 1868.

Segovia tana bukatar ƙarin bayani, don gidajen buga kuɗi biyu ta yi. Tsohon yana bugawa da guduma kamar sauran garuruwa. Sabon, Real Ingenio, Felipe na Biyu ya kafa shi a 1583 a bakin kogin Eresma, da injuna da aka kawo daga Hall ta yankin Tirol, ruwa ke juya su. Ana zura fallen ƙarfe tsakanin gangar ƙarfe biyu masu zane, sannan a yanke kwabban. Shi ya sa na Ingenio suke zagayayyu, rubutunsu tas, kuma sau da yawa da ɗan lanƙwasa kaɗan in ka kalle su ta gefe. Lanƙwasar nan ba aibi ba ce. Na guduma kuwa karkatattu ne, rabin rubutun ya fice daga ƙarfen. Ginin Ingenio yana nan, ya zama gidan tarihi.

Nawa ne? Lambar tana gefen zanen: II, IIII, VIII, ko 2, 4, 8.

Wace shekara? A nan akwai tarko biyu. Blanca mai F da kambi a fuska ɗaya, Y da kambi a ɗayar, ba ta da shekara, kuma an ci gaba da buga kuɗi da sunan Fernando da Isabel har 1566, alhali ita ta rasu a 1504, shi a 1516. Saboda haka sunansu a jiki bai nuna an buga shi suna raye ba. Haka perra gorda: an shafe shekaru ana buga ta amma duka 1870 ke jiki.

Mataki na biyar: karanta hatimai

Kafin ka gane hatiman sai ka gane matsin da ya haifar da su. Azurfar Potosí da Zacatecas, mahaƙan da ke yankunan Sifaniya na nahiyar Amurka, tana sauka a Sevilla, amma ba ta zama. Ana kwashe ta zuwa ga masu ba da bashi na Genoa da sojojin da ke yaƙi a Flanders, daga baya aka ƙara da Yaƙin Shekara Talatin na 1618 zuwa 1648, da yaƙi da Faransa daga 1635 zuwa 1659, da tawayen Kataloniya da Fotugal a 1640. Baitulmali ya kasa biyan bashi a 1607, 1627, 1647 da 1652. Sai fada ta juya ga kuɗin talaka.

A 1599 Felipe na Uku ya ba da izinin buga vellón na zallar tagulla. A 1602 aka rage nauyinsa da rabi, marabedi takwas ya koma kusan giram shida da rabi. A 1603 aka kira tsofaffin kwabbai aka danna musu hatimin ninki biyu. Ga yadda ake yi: ka kai buhun kuɗinka gidan bugawa, a sa musu hatimi, a mayar maka da rabin adadinsu, tunda yanzu darajarsu ta yi daidai da abin da ka kawo, tare da ɗan kuɗin dako. Sauran rabin na sarki ne. Tagullar da ake bugawa kuwa yawancinta daga Suwidin ake sayo ta, ƙasar da mahaƙar Falun take.

Wani malamin Katolika na ƙungiyar Jesuit, Juan de Mariana, ya rubuta littafi a kan sauya kuɗi, aka buga shi a Cologne a 1609. Hujjarsa ita ce sarki ba shi da ikon karɓar dukiyar talakawansa ba da yardarsu ba, kuma rage darajar kuɗi karɓar dukiya ce ta bayan gida. An tsare shi saboda wannan, yana da shekara sama da saba'in.

Yanzu ka bi ni mu ga abin da ya faru da kwabona na 1604. An haife shi marabedi 8. A 1628 Felipe na Huɗu ya rage darajar vellón da rabi, ya koma 4, ba tare da an taɓa jikinsa ba. A 1641 aka danna wa irinsa na Ingenio XII, ya zama 12, su kuma na guduma aka sa musu VIII. A 1642 aka dawo da shi 2. A ƙarshen 1651 aka ba da umarnin ninka shi huɗu, ga hatimin 8 nan da shekarar 1652 a ɗaya gefen. Watanni kaɗan, cikin 1652 ɗin, ya sake komawa 2. A 1658 aka fito da hatimin haruffa a cuɗe, sunan PHILIPPVS a dunƙule a fuska ɗaya da REX a ɗayar, ya zama 4. A 1659 ya koma 2. Ƙarfe ɗaya, nauyi ɗaya, darajarsa ta sauya sau bakwai cikin shekara hamsin da biyar. Ka tuna da matar da ta tara 'yan kwabbanta a tulu a 1641 ta buɗe a ƙarshen 1642.

Akwai wasu hatimai biyu da ba su hau nawa ba, domin na tsohuwar calderilla ne: VI da XII na 1636, da IIII da VIII na 1654 da 1655. Wannan ya sa XII kaɗai ba ta isa ta gaya maka shekara ba, sai ka nemo lambobin.

Hanyar karantawa ita ce wannan. Kowane hatimi biyu ne a haɗe, daraja a fuska ɗaya, shekara a daidai bayanta, domin a bugu ɗaya aka yi su. In ka ga daraja, ɗora yatsa a bakin kwabon daidai wurin, ka juya, za ka tarar da shekarar ko ragowarta. A ƙarƙashin darajar sau da yawa akwai harafin garin da aka danna hatimin, wanda ba lallai ya zama garin da aka haifi kwabon ba. Sannan ka duba wanne ya hau kan wanne: na sama shi ne na baya. Ka zana da'ira biyu a takarda ka sa kowane hatimi a mazauninsa. Sai ka gama wannan ne za ka koma neman uwar kwabon a ƙarƙashi, ko da ƙafar zaki ce ta rage ko haruffa uku na sunan sarki.

Da hatimai suka gaza, a 1660 aka fito da sabon kuɗi mai kan Felipe na Huɗu, marabedi 16, 8, 4 da 2, da azurfa kusan kashi 7 cikin ɗari. Mai 16 giram huɗu da rabi ne kacal. Masu jabu suka yi masa ca, har aka hana bugun guduma aka koma injin, kuma a 1664 aka rage darajarsa da rabi aka daina bugawa. Zuwa farkon 1680, abin da za ka biya da azurfar marabedi 100 sai ka kawo tagullar marabedi 375. A shekarar ce gwamnatin Carlos na Biyu ta sare darajar zuwa rubu'i. Mutane sun sha wuya ƙwarai, amma daga nan wasa da tagulla ya lafa.

Mataki na shida: saye

Wanda ya samu zuwa, kasuwar masu kwabbai da kan sarkin wasiƙa tana ci ranar Lahadi da safe a Plaza Mayor ta Madrid da Plaça Reial ta Barcelona. A nan za ka tarar da faranti cike da baƙaƙen kwabbai ka zauna ka tsince. Daga nesa kuwa akwai gidajen gwanjo da ke aiki ta intanet, irin su Áureo & Calicó a Barcelona, da Jesús Vico, Cayón da Tauler & Fau a Madrid, da kuma kasuwar todocoleccion inda ɗaiɗaikun mutane ke sayarwa. Ko ba ka sayi komai ba, tsofaffin sakamakon gwanjonsu makaranta ce: ga hoto, ga nauyi, ga farashin da aka sallama. Ka yi wata guda kana kallo kafin ka sa kuɗi.

Suna auna lafiyar kwabo da haruffa: RC ya side sosai, BC da dama, MBC mai kyau, EBC mai kyau ƙwarai, SC bai shiga kasuwa ba. Ga masu kan sarki ka nemi MBC. Ga masu hatimi kuwa kada haruffan su dame ka, abin nema shi ne a iya karanta shekarun hatiman da harafin gari.

Lissafinka ya haɗa da la'adar gidan gwanjo, wadda takan kusa kashi ɗaya cikin biyar na farashi, da kuɗin aikowa, wanda kan fi kuɗin kwabon kansa. Shi ya sa ya fi a haɗa da yawa a tura lokaci guda. Sannan akwai doka: dokar kayan tarihi ta Sifaniya mai lamba 16 ta 1985 ta ce abin da ya haura shekara ɗari ba ya fita ƙasar sai da izinin Ma'aikatar Al'adu. Gidajen gwanjo su ke neman izinin, yana ɗaukar makonni, kuma akwai kuɗin da ake biya in za a fitar wajen Tarayyar Turai. Ka tambaya kafin ka taya. Haka nan abin da aka tono daga ƙasa a can dukiyar al'umma ce a doka, don haka tarin kwabbai masu ɗanyar ƙasa a jiki waɗanda ba a san asalinsu ba, ka bar su.

Jabu iri biyu ne. Akwai na zamanin, wanda wani maƙeri ya buga a ɓoye a ƙarni na 17, ko ya danna hatimin kansa don kada ya ba sarki rabin kuɗinsa. Za ka gane shi da ƙarancin nauyi, da haruffa a juye, da kan sarki kamar zanen yaro. Wannan tarihi ne, ana tara shi, kuma masu gaskiya suna rubuta falsa de época a kansa. Sai na yanzu, wanda ake zubawa a mazubi: ƙananan ramuka kamar na kumfa, zane a dushe ko'ina bai ɗaya, da layin haɗi a baki. Sikeli da gilashi suna kama mafi yawansu.

Mataki na bakwai: kada ka goge

Kwabona na farko mai kan Carlos na Huɗu, da hannuna na lalata shi. Na ga ya yi duhu, sai na yi masa abin da ake yi wa tasa da munduwa, lemon tsami da toka. Ya fito jajir yana ƙyalli, amma gashin sarkin da ƙananan ɗigogin baki sun tafi, fuskar ta cika da ramuka, kuma bayan 'yan makonni ya rine da wani launi marar kyau. Har yau in na buɗe ambulan ɗinsa raina yakan ɓaci.

Duhun nan mai ruwan ƙasa ko kore mai santsi riga ce da ƙarfen ya saƙa wa kansa cikin ɗaruruwan shekaru. Ita ke kare shi, kuma sau da yawa a cikinta ragowar rubutun yake. Tsami, tsamiya, toka, man goge ƙarfe da buroshin waya duk suna cire ta. In akwai busasshiyar ƙasa, jiƙa shi cikin tataccen ruwa marar gishiri na kwanaki, kana sauya ruwan, sannan ka ɗaga ƙasar a hankali da tsinken sakace. Ka tabbata ruwan zalla ne, domin abin da wasu ke kira ruwan batir asid ne. In maiƙo ne ko danƙon leda, asiton zalla yana cire shi ba tare da ya ci ƙarfen ba. Ka bar shi ya bushe sarai kafin ka rufe.

Abin tsoro ɗaya ne: kore mai haske, mai gari-gari, da ke fitowa daga rami kamar hoda. Wannan cutar tagulla ce, gishiri da danshi ke haddasa ta, kuma tana ci har ta huda kwabo. Da ka gan ta, ware shi daga sauran, ka kakkaɓe garin da tsinke, ka yi masa jiƙon tataccen ruwa mai tsawo, ka busar, ka riƙa duba shi duk mako.

Wurin ajiya, damina ce abokiyar gaba. Kowane kwabo da ambulan ɗinsa na takarda marar asid, ko gidan kwali mai taga. Ka guji leda mai laushi irin ta PVC, zafi yana sa ta tsatso wani koren danƙo. Zuba su a akwati mai rufuwa gam, tare da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa sauya su. Kada akwatin ya zauna a ƙasa ko jikin bangon da ke jiƙa.

Mataki na takwas: rubuta komai

A jikin ambulan ka sa lamba. A littafi, gaban lambar, ka rubuta sarki, daraja, gari, shekara, nauyi, faɗi, lambar kundi, inda ka saya da ranar, da abin da ka biya. Ajiye rasit da kwafin izinin fitarwa, domin su ne shaidarka in za ka sayar ko ka tsallaka iyaka da su. Ɗauki hoton fuska da baya da hasken gefe, tun lokacin da ya iso, don ka gane in wani abu ya fara sauyawa a jikinsa.

Ga masu hatimi, bar fili a ƙasan shafin kuma ka yi rubutun da fensir. Harafin da ke ƙarƙashin 8 ɗin kwabona na 1604 na daɗe ina karanta shi S, sai da na sauya wa fitilar gefe wata rana na ga ashe B ce, wato daga Segovia ya yi tafiya har Burgos kafin a danna masa hatimin 1652.